Zangon Gurmi a Illela: Ku Gama Dariyar Tukuna

Shawara na kawo, kuma na san halinku, mutanen Illela: kafin in kai ƙarshenta wani ya riga ya ture hula gaba ya ce wanga zafin bazara ya taɓa mai kai. Ga ta dai. A nemi gida mai faɗi, ko makarantar kwana idan ɗalibai sun tafi hutu. A gayyato tsofaffin makaɗan gurmi da molo da garaya, na wannan gefen da na Kwanni da ƙauyukan Adar. A yi shela cewa duk mai son koyo ya zo da tabarmarsa da kuɗinsa. A shiga ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ci tare, a kwana tare, a kaɗa tare, a watse ranar Lahadi. Iyakarta ke nan. Ku yi dariyarku, ba sauri nake ba. Mai shayi, ƙara wa kowa, Alhaji zai biya.

Kun gama? To, ba ni na ƙago abin ba. A Ingila akwai wata makarantar kwana mai suna Kingham Hill, a yankin Oxford, wadda idan yara suka tafi hutun Ista sai manya su zo su cika ɗakunan kwanansu. Taron ana kiransa Sore Fingers. Ana yin na mako guda a lokacin, a kuma yi na ƙarshen mako a watan Oktoba. A Amurka irin wannan zango ya fi yawa: akwai a jihar Michigan, akwai a Massachusetts, akwai wanda ya daɗe a garin Elkins na West Virginia. Masu zuwa galibi ba yara ba ne. Mutum ne da furfurarsa da jikokinsa, zai bar katifarsa ta gida ya hau gadon ɗan makaranta, ya bi layin abinci da faranti a hannu, kuma shi ne ya biya don a yi masa haka. Ana raba su gwargwadon inda hannun kowa ya kai. Da safe darasi, da rana darasi, da yamma malaman su hau dandali su nuna yadda abin yake idan ya nuna. Da dare kuma kowa ya jawo kujera a yi da'ira a kaɗa har barci ya ɗauke mutane ɗaya bayan ɗaya, har da wata da'ira ta musamman ta sababbin shiga, inda ake jan kiɗan a hankali don kada a bar kowa a baya. Ran ƙarshe ɗalibai su fito su nuna abin da suka samu, a tafa musu ko sun yi kuskure.

Me suke koya? Abubuwa da dama, amma biyu ne suka kawo ni: mandolin da banjo. Mandolin ba ruwanmu da shi sosai. Ɗan Italiya ne, a birnin Naples ya sami siffar da aka fi saninsa da ita, tsirkiyarsa takwas bibbiyu-bibbiyu, kuma danginsa sun taso ne daga udu na Larabawa wanda ya shiga Turai ta Andalus. Banjo kuwa, bari in kwatanta muku shi. Abu ne zagayayye, an ɗaure masa fata a fuska, an soka masa doguwar sanda, an ja tsirkiya ta bi ta kan ɗan jaki da ke zaune a kan fatar. Baba na can gefe ya daina dariya. Ya ce, "Wanga ai gurmi ne." Ban ce komai ba, Baba, kai ka faɗa.

Wani likita haifaffen Ireland, Hans Sloane, ya sauka tsibirin Jamaika a 1687, ya ga bayin da aka kwaso daga Afirka suna kaɗa wani abu na duma da fata da sanda, kuma zanensa ya fito a littafin da ya buga a 1707. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya shugabanci Amurka kuma shi kansa mai bayi ne, ya rubuta a shekarun 1780 cewa daga Afirka baƙaƙen fata suka zo da shi. Daga shekarun 1830 sai Turawa irin su Joel Sweeney suka karɓe shi, suna shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi don a yi dariya. Masana'antu suka cire duma suka sa katako da ƙarfe. Da Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar Bill Monroe, gwanin mandolin, a 1945, sai banjo ya zama tambarin kiɗan Turawan ƙauye, har jikokin waɗanda suka kawo shi suka riƙa kallonsa a matsayin kayan wasu. Sai a 2005 aka yi wani taro a garin Boone na North Carolina inda baƙaƙen fata masu banjo suka haɗu don su karɓi kayansu. Rhiannon Giddens tana cikin waɗanda suka fito daga wannan taron, kuma banjonta ne ake ji a farkon wata waƙar Beyoncé da ta cika duniya a 2024.

Sai dai kada ku ɗauki sanda ku nufi kotu neman gado, don na ga wasunku har sun fara lissafin diyya da dala. Masu binciken asalin banjo sun fi karkata ga akontin na ƙabilar Jola da ke Gambiya da kudancin Senegal, musamman bayan wani ɗan Gambiya, Daniel Jatta, ya nuna musu yadda ake kaɗa shi: a buga da bayan farce ƙasa, babban yatsa ya kama gajeriyar tsirkiya, daidai yadda tsofaffin masu banjo ke yi. Gurmi yana cikin zuri'ar, ana ambatonsa idan ana jera dangi, amma ba a ce shi ne uba ba. A ce baffa ne. To amma ku dubi abin: ɗan ɗan'uwa ya tafi ƙetare, an gina masa makarantu ana kwana dominsa, baffa kuwa yana rataye a bangon zaure, gizo-gizo na saƙa a kan jakinsa. A 2005 Béla Fleck, wanda ba a jayayya kan gwanintarsa a banjo, ya ɗauko nasa ya zo Afirka neman dangi. Ya je Uganda da Tanzaniya da Gambiya da Mali. Bai zo nan ba. Da ya zo ma, gidan wa za mu kai shi?

Na ji Alhaji na kara yana gyaran murya. "Kai yaro, Turawa sun ƙoshi ne. Wa ka barin gida nai ya tai kwana wurin makaɗa?" Ranka shi daɗe, kai ne kake tambayar wa ke barin gidansa ya kwana a Illela? Kasuwarmu Lahadi take ci, amma tun Juma'a da Asabar baƙi suke sauka, daga Nijar masu koro shanu da raƙuma da tumaki, daga kudu masu jiran a loda musu tirela. Ina suke kwana? A gidan fatoma. Wa ke ba su tabarma da ruwan alwala da tuwon dare, ya tsaya musu a ciniki, ya karɓi la'adarsa? Garin nan ya ƙware a saukar baƙo na kwana biyu tun ba yau ba. Abin da Bature ya zauna ya tsara da takardu da kwamiti, kai kana yinsa kowane mako ba tare da ka rubuta ko harafi ba. Ni abin da na ƙara kawai shi ne, a wannan karon baƙon ba sa zai jawo ba, ƙoƙon duma zai rungumo. Ba ya cin dusa, ba ya ɓata tsakar gida, ba ya tsinke igiya da dare. In ka duba da kyau, Alhaji, ban taɓa kawo maka baƙo mai sauƙi irinsa ba.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa kiɗa gado ne, ba a koyonsa a aji. Wannan ba zan yi mata dariya ba, don akwai gaskiya a cikinta. Musa Ɗanƙwairo bai shiga makaranta ba. A gaban mahaifinsa ya tashi, ya bi yayansa Kurna shekara da shekaru yana amshi kafin ya ja nasa ayarin. Haka aka saba: yaro ya ɗauki kaya, ya shanya fata, ya riƙe amshi, kunnensa ya cika kafin a bar hannunsa ya taɓa komai. Babu zangon kwana biyu da zai kamo ƙafar wannan. Amma ku da kuke faɗin haka, ku nuna mini magajin. Wannan tsarin ya tsaya ne a kan abubuwan da ke ciyar da shi. Gurmi na 'yan kokawa ne, ana neman mai shi idan an kawar da amfanin gona an share fili. Garaya ta mafarauta ce, to wa ke shiga daji farauta yanzu, alhali dajin ya sami wasu masu shi? Gayyar noma ta ja baya. Mai biki ya gano cewa ɗaukar yaro da lasifika da kwamfuta ya fi masa arha a kan ciyar da makaɗa shida. Ɗan makaɗi ba wawa ba ne, ya ga yadda ubansa ke dawowa. Ya karɓi babur yana kabu-kabu tsakanin Illela da Kwanni. Gadon yana nan, magajin ne ya fita. Idan kuka ce ba mai taɓa gurmi sai ɗan gado, to kun yanke masa hukuncin a binne shi tare da tsohon.

Kuma ma wa ya ce duk gwani ɗan gado ne? Mamman Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma ba ya so, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwani da tsirkiya ɗaya tak ya zagaya duniya. Can bayan Tawa akwai wani yaro ɗan Abzinawa da iyayensa ba sa son zancen kiɗa. Ya sami katako ya ja masa wayar birkin keke ya yi jita, yau shi ne Mdou Moctar da ake sayen tikiti a Amurka don a ji shi. Irin waɗannan ana haifarsu a kowane gari, har da Amarawa da Kalmalo da Araba. Abin da ba su da shi shi ne ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba tare da an ce ɗan wane ya lalace ya bi maroƙa ba.

Ga labarin da nake so masu gado su riƙe. Malam Maman Barka, haifaffen Tesker a gabashin Nijar, malamin makaranta ne wanda ya yi suna da gurmi, waƙoƙinsa na Hausa sun shiga gidaje da yawa a ƙasashen biyu. A bakin Tafkin Chadi Buduma suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar, siffarsa ta kwalekwale, ana ce masa biram. Aka wayi gari saura mutum ɗaya da ya iya shi da gaske, wani tsoho Bukar Tar. A 2002, da tallafin UNESCO, Barka ya tattara ya tafi can ya zauna da tsohon ya koya. Ba Buduma ba ne shi, ba ɗan gidan ba ne, baƙo ne da ya zo da niyya. Tsohon ya rasu, biram bai bi shi ba, Barka ya kai shi har dandalin Turai kafin shi ma ya cika a 2018. Da a ce Bukar Tar ya tsaya jiran ɗan gado, da yanzu biram sai a hoto. Kuma ba a sama Barka ya faɗo ba: Nijar tana da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai tun 1989, inda ya yi aiki, tana kuma da gasar Ɗan Gurmu da aka raɗa wa sunan makaɗin Tawa. Maƙwabtanmu da muke tsokana da cewa ba su iya shan shayi ba sai da burodi mai tsawon sanda, sun riga mu tunani a nan. Ku haɗiye, ba daɗi, amma haka ne.

"To, a kwana biyu mi za a koya?" Kaɗan, kuma na faɗa da bakina tun ba ku ƙure ni ba. Ba wanda zai shiga Juma'a ya fito Lahadi ya zama gwanin gurmi irin Haruna Uji. Amma zai san yadda ake rungumar gurmi, yadda ake ja da sassauta tsirkiya har ta faɗa inda ake so, inda yatsa ke sauka da inda yake ɗagawa. Zai fita da take ɗaya ko biyu a hannunsa. Ranar Asabar da hantsi a zauna a haɗa sabo tun daga farko: a fafe duma, a jiƙa fata a ɗaure, a feƙe sanda, a sassaƙa jaki, kowa ya koma gida da nasa. Da can fatar damo ake sa wa gurmi, ta gada ake sa wa garaya. Yau da damon da gadar duk sun yi wuyar gani, sai a ji daga bakin masu abin wace fata ce ke maye gurbi ba tare da murya ta mutu ba. Cikin mutum ashirin, a ce goma sha takwas su rataye nasu a bango su ci gaba da harkarsu. Ba asara, sun zama masu kunne, kuma makaɗi ba ya rayuwa a garin da ba masu kunne. Biyun da suka rage su ne za su nemi ƙauyen tsohon da ƙafarsu.

Kwanan kuwa shi ne gishirin abin, kada wani ya ce a mai da shi darasin safe a tashi da azahar. Ku da kuka san tsofaffin makaɗa, ku faɗi gaskiya: in ka tsayar da ɗaya gaban allo da ƙarfe goma na safe ka ce ya koyar, zai dube ka ya dubi allon ya ce ai abin ba wuya, haka ake yi, ya kaɗa sau ɗaya da sauri ya ajiye. Ba rowa ba ce, bai taɓa raba abin gunduwa-gunduwa ba, don shi ma ba haka aka ba shi ba. Amma bari a yi isha'i, a ci tuwo, a fasa goro, iska ta fara kaɗawa, wani tsoho daga Kwanni ya ɗauki nasa ya taɓa wani take. Sai ka ga namu ya gyara zama ya ce a'a, ba haka mutanen da ke yinsa ba, miƙo nan. Daga nan an shiga. Taken wane ɗan kokawa ne wannan, a wane fili aka fara kaɗa shi, me ya sa ake sassauta shi a tsakiya, wane ne ya ji shi ya tashi tsam ya shiga fili ba shiri. A gardamar tsofaffi biyu yaro zai kwashi abin da ba zai samu a darasi goma ba. Shi ya sa nake son Illela musamman, ba Sakkwato ba. Layin da Ingila da Faransa suka ja ya raba hannu biyu na kiɗa ɗaya, kowane ya ɗan bi tasa hanya, kuma nan ne wurin da babur zai haɗa su cikin 'yan mintuna.

Samarin situdiyo na gani suna murmushi suna shafa waya. Sun ce duk wannan wahala ce, akwai muryar gurmi a cikin fiyano, danna maɓalli kawai. Akwai, na ji ta. Wani ne ya kaɗa sau ɗaya aka naɗa, ku kuma kuke ta maimaita wannan bugu ɗayan tun daga Kano har Agadas, shi ya sa waƙoƙinku goma in an cire murya ba mai iya raba su, har ku da kanku. Wanda ya fara shigo da mai gurmi na gaske cikin situdiyonsa, ya bar shi ya yi yadda hannunsa ya so, shi zai fita daban, sauran ku bi shi kuna cewa dama kun yi niyya. 'Yan boko kuma kada ku ɓuya bayan samari, na gan ku. Kun yi aiki, ba a hana ku ba: Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa da takwarorinsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, an cika kundaye. Amma kalmomi aka rubuta. Yatsun fa? Pete Seeger ya fitar da ɗan littafinsa na koyon banjo a 1948, da zane mai nuna wace tsirkiya, wane yatsa, a wane lokaci, kuma dubban mutane da shi suka fara. Mu mun adana sirdi da linzami da kyau a ɗaki, dokin kuwa yana waje ba mai ba shi ruwa. Ku zo zangon da biro da na'urar ɗaukar hoto, ku zauna kusa da hannun tsohon. A nan ne digirin yake.

Allah shi gafarta Malam, na ga ka yi shiru, kuma shirunka ya fi hayaniyarsu nauyi. Ba zan ja da kai a fagenka ba. Na san yawancin malaman mazhabarmu sun ƙyamaci kayan kiɗa masu tsirkiya, na san Shehu Usmanu ya soki shagalar kaɗe-kaɗen sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, na kuma san Ibn Hazm na Andalus ya saɓa wa masu hanawa. Wanda ya bar kiɗa don tsoron Allah, ya bar shi gaba ɗaya, ina girmama shi, kuma ba za a aika masa takardar gayyata ba. A zangon ma in an kira salla a ajiye komai, ba giya, ba bori, ba cakuɗa maza da mata. Ba da Malam nake ba. Da ku nake, masu laɓewa bayan rawaninsa. Kai da ka ce astagfirullah da ka ji an ambaci molo, ba kai ne na gani lokacin zaɓe a bayan motar lasifika kana rawa har hularka ta faɗi ba? Kai kuma da Narambaɗa ke tashi a motarka tun daga Gwadabawa har Kware, kana bugun sitiyari kana amshi? A fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara hamsin a kan gado daga 1938 zuwa 1988, Salihu Jankiɗi yana nan da makaɗansa. Ashe ba kiɗan kuke ƙi ba. Ku ji a nesa kuna so. Ɗanku ne ba kwa so a gani da ƙoƙo a hannu.

Nan ne ƙashin maganar yake, kuma nan ne kuɗin da na ce a biya yake da aiki. Abin da ya sa ake jin kunyar makaɗi shi ne roƙo: ya wasa ka, ka ba shi, hannunsa na ƙasa naka na sama. A zangon abin juyawa yake. Tsohon yana zaune a kan buzu, kai ne ka zo, kai ne ka cire takalmi, kai ne ka biya kafin ka shiga. Ba don ya kira sunan kakanka ba, sai don ya san abin da ba ka sani ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana bin ƙofofi zai ji ɗan Alhaji da ma'aikacin kwastan da malamin firamare suna ce masa Malam, yaya ake yin nan? Ɗansa mai kabu-kabu yana tsaye a bakin ƙofa yana gani. Ina tabbatar muku wannan kallon ɗaya zai yi aikin da wa'azin raya al'adu na rediyo bai yi ba. Don haka kada wani mai kirki ya zo ya ce zai ɗauki nauyi a yi kyauta. In ka ɗauki nauyi, gobe za ka so a yi maka waƙa, mun koma gidan jiya. Ka biya wa yara biyar marasa hali, ka koma gefe ka yi shiru.

Iyayenmu mata, ban manta da ku ba, tsoron bakinku ne ya sa na jinkirta. Masu cewa tsirkiya ba ta mace ba ce su je su tambayi labarin Salamatu Mai Gurmi. Ku ma a yi muku naku zangon daban, da ƙwarya da shantu, don tun da Barmani Coge ta rasu a 2013 ake ta cewa ba a sami kamarta ba, ba wanda ya tambaya ko an buɗe wa wata ƙofar koyo.

Saura masu cewa lokacin bai dace ba. Zancen tsaro ba abin zolaya ba ne, kuma ba zan yi wasa da shi ba: gabashin Sakkwato ya ga abin da ya gani. A yi abin a cikin gari, da sanin uban ƙasa da jami'an tsaro, kowa ya iso da rana, ba mai bin hanya da dare. Wannan ma wani dalili ne na kwanan. Amma masu cewa iyaka ba ta da tabbas, ku dube ni da kyau. An rufe ta a watan Agusta na 2019 sai Disamba na 2020 aka buɗe. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 sai Maris na 2024. Kasuwa ta ji jiki, kowa ya ji. Amma a duk tsawon lokacin, wa ya rasa shinkafa 'yar waje a gidan biki? Buhu mai kilo hamsin ya san hanyar da ba ta bi ta gaban shinge, sai tsoho da ƙoƙon duma a cikin riga ne zai ɓata? Ban ce a karya doka ba, yallaɓai, yanzu ai a buɗe take. Tambaya kawai na yi.

Jarrabawa kuwa ba takarda, ba alƙalai daga birni. Ranar Lahadi da hantsi, kasuwa ta cika, a fito da ɗalibai a jera su tsakanin rumfar 'yan canji da ta masu tsire, kowa ya kaɗa taken da ya koya, malaminsa na tsaye a baya da hannu a ƙirji. Mutanen kasuwar Illela ba su san kara ba a wajen ciniki, su za su yanke hukunci. Wanda aka liƙa wa naira ya ci. Wanda aka liƙa wa sefa, yanzu da ta fi naira tsada, ya ci da yabo, a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Wanda kuma wani ya matso ya danƙa masa kuɗi a hannu ya ce don Allah ɗan'uwa ka huta haka nan, shanu na firgita, wannan sai ya riƙe kuɗin da kyau, ya sami na rajistar zango na gaba. Alhaji, na ajiye maka wuri a layin farko. In kunya kake ji, ka ce rakiyar jikanka ka zo.